Ranar Da Muka Ɗaga Hannu

Lahadi, 21 ga Afrilu, 7:15 na safe

Shekara goma sha tara ina yi wa jama'a girki a garin Abuja. Bikin aure, suna, walima, taron ma'aikatu, ban san yawan cikin da abincina ya shiga ba. Ko sau ɗaya ba a taɓa cewa wani ya ci girkin Bara'atu ya kwana riƙe da ciki ba. Na fara da rubuta wannan ne don in riƙa ganinsa duk lokacin da na buɗe littafin nan.

Tun asuba wayata take ƙara. Ban ɗauki ta kowa ba sai ta Mabel, mai yi mana kek da cincin, ƙawata tun ranar da na fara aiki a kamfanin. Ta ce zuwa yanzu mutum ashirin da uku ne suka kwanta ciwon ciki daga cikin waɗanda suka ci abincin bikin jiya. Ta ce har da kakar amarya. Ban tambaye ta wane asibiti ba.

Na yi wanki. Na share tsakar gida sau biyu.

Lahadi, 4:30 na yamma

Talatin da ɗaya.

Litinin, 22 ga Afrilu, 6:20 na yamma

Na baro Masaka biyar da rabi kamar kullum, cunkoson Mararaba ya riƙe mu, sai takwas saura na isa Wuse. Na tarar ba a kunna murhu ko ɗaya ba. Oga Thaddeus, manajanmu, ya tara mu a kicin, kowa a tsaye, shi yana jingine da teburin yankan nama, idonsa jajir. Ya ce dangin amarya sun kai ƙara, mutanen lafiya za su zo bincike, kuma Madam Felicity mai kamfanin ta bugo daga ƙasar waje ta ce kafin ta dawo a san wanda ya jawo wannan.

Sai ya ce ai an riga an sani. Wai ranar Juma'a da yamma Perpetual ta fito da kaji daga ɗakin sanyi za ta wanke, ta bar su a kan tebur ta tafi gida, suka kwana a waje cikin zafin nan.

Wata huɗu ke nan da zuwan Perpetual. Ita ke wanke nama da tukwane. 'Yar Gwoza ce, a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro take zaune da 'ya'yanta uku. Ni na koya mata gyaran kaza ba tare da fasa maɗaciya ba, sau ɗaya na nuna mata ta iya. Tana tsaye a bakin ƙofa da soso a hannu. Ta ce ba ta yi ba. Sau ɗaya ta faɗa, kuma ba da ƙarfi ba.

Oga ya ce duk wanda ya ga kajin a kan tebur ranar Asabar da safe ya ɗaga hannu.

An ƙirga hannu goma sha ɗaya. Mu goma sha biyu ne a kicin har da ita.

Talata, 23 ga Afrilu, 5:50 na yamma

Ƙaramin aiki muka yi yau, abincin rana na mutum arba'in na wani ofis a Garki. Tuwon shinkafa da miyar taushe. Miyar ta yi yadda nake so, mai ya taso ya kwanta, kabewa ta narke ba ta ɓace ba. Babu wadda za ta yi irinta a layin nan, ko ta ina aka ɗauko ta.

An kira Perpetual ofishin 'yan sanda. Iyatu, mataimakiyata, ita ta wanke tukwane, tana yi tana mita.

Ba zan rubuta maganar citta ba.

Laraba, 24 ga Afrilu, 6:05 na yamma

Abin mamaki nake gani a kicin. Ranar Litinin babu wanda ya ce komai sai ɗaga hannu. Yau kowa ya tuna. Iyatu ta ce a shuɗiyar roba kajin suke. Wata ta ce eh, shuɗiya, har da ƙudaje. Wata kuma ta ce tun da can ta lura yarinyar ba ta da tsafta, ta taɓa ganin ta goge hannu a zani. Kafin azahar an kai ga cewa dama mutanen sansani haka suke, sun saba da zaman kara zube, me suka sani game da ajiye nama.

Wata huɗu muna cin abinci a faranti ɗaya da ita ba wanda ya ga wannan ƙazantar.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ina tsaye ina tuƙa tuwo sai na ga shuɗiyar robar a idona, ƙarara, a kan tebur, har da ƙudajen. Sai da na tsaya na tambayi kaina. Ni na fara shiga kicin ranar Asabar. Ni na kunna fitila. Babu komai a kan teburin nan sai wuƙaƙe.

Alhamis, 25 ga Afrilu, 1:10 na rana

Perpetual ta kwana ɗaya a wurin 'yan sanda. Fastonsu ya je ya karɓo ta. An ce za ta riƙa zuwa duk Litinin har a gama bincike.

Kakar amarya na nan dai a asibiti.

Juma'a, 26 ga Afrilu, 6:40 na yamma

Oga ya kira ni ofis, ya tura mini takarda. An buga labarin kajin tsaf da Turanci, a ƙasa sunayenmu goma sha ɗaya, nawa a sama tunda ni ce shugabar kicin. Goma sun sa hannu. Layina ne kawai fari.

"Madam Bara'atu, kai kaɗai ya rage," in ji shi. Shekara takwas yana ce mini kai, tuni na daina gyara masa.

Na ce na bar tabarauna a gida, ba na sa hannu a abin da ban karanta da kyau ba. Tabaraun yana cikin jakata. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in tafi da tunanin abu ɗaya: idan aka bar maganar yarinyar nan aka koma kan ɗakin sanyi, tambayar farko da za a yi ita ce wa ya dafa. Ba shi ya dafa ba.

Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin haushin gaskiya kamar na yau ba.

Asabar, 27 ga Afrilu, 10:00 na safe

Shekara goma sha tara. Ko sau ɗaya.

Lahadi, 28 ga Afrilu, 5:15 na yamma

Na kira ƙanwata Mariya a Zariya don in gaishe ta kawai. Malama ce a kwaleji, abin da take koyarwa shi ne yadda zama cikin mutane ke juya halin mutum. Kullum ina tsokanarta cewa albashi ake ba ta don ta faɗi abin da kowace 'yar kasuwa ta sani. Muna cikin hira ta ce muryata ba daidai take ba. Na ba ta labarin, amma na ce a wani kicin ne ya faru, wata ce ta gaya mini.

Ta ce akwai wani tsohon gwaji da take ba ɗalibanta labari duk shekara. A zaunar da mutum cikin wasu da aka riga aka haɗa baki da su, a nuna musu zane, a ce wane layi ne tsawonsa ya yi daidai da wannan. Amsar a fili take, yaro ma zai gani. Sai waɗancan su faɗi amsar banza ɗaya bayan ɗaya. Ta ce yawancin mutanen da aka gwada sun bi su aƙalla sau ɗaya, suna kallon layin da idonsu. Na ce ai waɗannan marasa zuciya ne. Ta ce a'a, Yaya, mutane ne irina da irinki. Amma ta ce in saurari sauran labarin: idan aka sami mutum ɗaya tak a cikin taron ya faɗi amsar gaskiya, sai mutumin ya tsaya a kan abin da ya gani. Ba sai an yi yawa ba. Ɗaya ya isa.

Na ce mata ni ba ɗalibarta ba ce. Ta yi dariya ta ce, "To ki gaida shugabar wancan kicin ɗin, ki ce mata na san gidan da ta fito."

Na girme ta da shekara bakwai. Ni na goya ta. Ban san yaushe ta fara yi mini magana haka ba.

Litinin, 29 ga Afrilu, 6:30 na yamma

Na mayar wa oga takardarsa yadda ya ba ni. Na ce na karanta, ba zan sa hannu ba. Ya karɓa ya saka ta a aljihun tebur.

Kafin in koma kicin labari ya riga ni. Ban san ta yaya ba.

Talata, 30 ga Afrilu, 6:10 na yamma

Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin ne da ya fi sauƙi. Ina shiga hira take mutuwa. In na ce a yanka albasa a yanka, in na ce a sauke tukunya a sauke, ba musu, ba wasa, ba "Mama ɗanɗana mini." Lokacin cin abinci suka ja benci can wajen famfo. Na zauna a kan kula ni kaɗai, na ci a hankali, na cinye tas, na wanke farantina da kaina. Ba zan bari su ga na rage ko loma ɗaya ba.

Mabel ta tare ni a tasha kafin in shiga mota. Ta riƙe mini hannu. Ta ce, Bara, ki yi tunani, gida goma sha ɗaya ne ke ci daga kicin ɗin nan. In aka rufe shi ina za mu? Ta ce Perpetual ba abin da za a yi mata, ƙarshenta a sallame ta, kuma mutanen ƙungiyoyi suna taimakon 'yan sansani, mu wa zai taimaka mana? Ta ce ita ma ba ta jin daɗi, amma kowa ya yarda, ni wace ce da zan fi kowa tsarki.

Rabin maganarta gaskiya ce. 'Yarta ta biyu a bana za ta rubuta jarrabawar fita sakandare. Ni na yi mata abincin suna.

Laraba, 1 ga Mayu, 11:20 na safe

Hutun ma'aikata. Gidan shiru. Tunda ba mai karanta wannan sai ni, bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ranar Alhamis kafin bikin aka ɗauke wuta a layinmu, turansufoma ta ƙone. Oga ya ce a riƙa kashe janaretan ɗakin sanyi in an tashi aiki, gas ya yi tsada, ai ɗakin yana riƙe sanyi har safe. Manniru mai kula da sito shi aka sa ya kashe. Ya kashe Alhamis, ya kashe Juma'a. Ranar Asabar da safe muka buɗe ƙofar mu huɗu, ni da Manniru da Iyatu da Mabel. Iskar da ta fito ba mai sanyi ba ce. Kuma na ji warin. Kaɗan ne, can ƙasa, amma ni hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na dubi Manniru, fuskarsa ba komai. Na dubi Iyatu, ta riga ta sunkuya tana jan kwando. Mabel tana neman bota. Sai na ce a raina, da abin ya kai a yi magana da ɗayansu ya yi. Mutum ɗari huɗu na jiran abinci ƙarfe biyu.

Da Perpetual ta fara wankewa ta zo ta same ni, ta ce, "Anti, kajin nan suna yauƙi." Na ce ta wanke da lemon tsami. Sannan na ninka citta, na ƙara tafarnuwa da attarugu, na soya su suka yi ja. Sun yi daɗi. Mutane har ƙari suka nema.

Ita kaɗai ce ta buɗe baki ranar. Ita muka ɗaga wa hannu.

Laraba, 4:00 na yamma

Na rubuta, ban huta ba.

Alhamis, 2 ga Mayu, 6:45 na yamma

Na shiga sito ɗaukar man gyaɗa na tarar da Manniru yana lissafin buhunan shinkafa da ya riga ya lissafa da safe. Mutumin Gusau ne, dattijo, ba ya son yawan magana. Na rufe ƙofa na tambaye shi kai tsaye me ya sa ya ɗaga hannu ranar Litinin ɗin nan, alhali shi ya kashe janareta da hannunsa.

Ya ce, "Hajiya, ke na kalla."

Na ce ƙarya ne, ni ce ta kusan ƙarshe. Na ga hannaye sun tashi sannan na ɗaga nawa.

Ya girgiza kai. Ya ce da oga ya yi tambayar ba wanda ya motsa, kowa ni yake kallo ta gefen ido. Sai na gyara tsayuwa, na saki haɓar mayafina da nake riƙe da ita, kafaɗata ta ɗan ɗaga. Iyatu ta ɗauka ɗagawa zan yi, ta riga ni. Sauran suka bi Iyatu. Ni kuma na bi sauran. Ya ce haka ma a ƙofar ɗakin sanyi, ya ji warin sarai, amma ya ce a ransa in da matsala Hajiya za ta faɗa, hancinta ya fi na kowa.

Kwana goma ina gaya wa kaina cewa yawa suka fi ni. Ashe kowa a ɗakin nan yana bin wani ne, wanin kuma yana bin sa, a tsakiyar da'irar kuwa ni ce a tsaye ina gyara mayafi.

Na ɗauki man na fita. A hanya na lura ban ji kunya kaɗai ba. Akwai wani abu kuma, ban san ko ya halatta in ji shi ba. Mutum goma suna jiran kafaɗata. Ban san nauyina ya kai haka ba.

Asabar, 4 ga Mayu, 9:00 na safe

An sallami kakar amarya. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Sai yanzu na san kwana goma sha huɗu ban ja numfashi har ƙasa ba.

Lahadi, 5 ga Mayu, 6:00 na yamma

Na je Kuchigoro. Mota uku na hau. Shekarun nan duka ina wuce wurin a hanyar filin jirgi in za mu kai abinci, ban taɓa sauka ba. Na jira aka taso daga coci, wata mata ta raka ni har ƙofarta. Ɗaki ɗaya ne na langa-langa da buhu. A share yake ƙal. Tukwanenta uku a kife a kan katako suna ƙyalli irin yadda take sa namu ƙyalli. Na so Iyatu ta ga tukwanen nan.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Na ce mata jibi mutanen lafiya za su zo, kuma zan faɗi abin da ya faru tun daga janareta har lemon tsami. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi godiya. Na ma shirya abin da zan ce in ta durƙusa.

Ta ce, "Anti, ranar nan ban kalli hannun kowa ba sai naki. Da na ga ya tashi, sai na fara tunani ko na bar kajin ne na manta. A wurin 'yan sanda ma da suka tambaye ni na ce ban tabbata ba."

Wannan ban shirya masa ba. Na roƙe ta gafara. Ban tuna ranar da na roƙi wani gafara da bakina ba tun rasuwar mahaifin yarana. Ta ce Allah ya yafe mana duka, ta raka ni bakin titi, ta tsayar mini da mota. Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban matsa ba.

Litinin, 6 ga Mayu, 7:00 na yamma

Na goge farar rigata ta aiki da hular. Na sa sitati.

Talata, 7 ga Mayu, 5:30 na yamma

Su uku suka zo, mata biyu da namiji ɗaya, babbarsu wata mai tabarau da ba ta murmushi. Suka duba ɗakin sanyi, yana ta sanyi kamar bai taɓa laifi ba. Oga ya miƙa takardarsa. Matar ta karanta, ta tara mu, ta ce ta ga suna ɗaya ba sa hannu, wace ce Bara'atu.

Na fito gaba.

Na ce ni ce shugabar kicin, shekara goma sha tara ina wannan sana'a. Na ce ba a bar kaza a kan tebur ba, ni na fara shigowa ranar. Na faɗi kwanakin da ɗakin sanyi ya kwana ba wuta. Na ce na ji wari na yi shiru, wadda ake zargi ta zo ta gaya mini na ce ta sa lemon tsami, na rufe sauran da kayan yaji. Na ce in ana neman hannun da ya dafa, ga shi. Ban kalli kowa ba, matar kawai nake kallo, don na san in na waiwaya zan fara auna fuskoki kuma.

Oga ya ce ina da matsala da shi ne tun tuni, kuma mutum goma ba za su yi ƙarya ba. Matar ta tambaya ko akwai mai ƙarin bayani.

Shiru. Famfon baya yana ɗiga, ina jin kowane ɗigo. Na ce a raina, to Mariya, ga ɗayan naki, ina sauran?

Sai Manniru ya yi gyaran murya ya ce shi ya kashe janaretan, dare biyu, da umarni. Ya ce a cire sunansa daga takardar. Bayansa Iyatu ta ce, tana kallon ƙasa, ita ba ta ga wata shuɗiyar roba ba, ta dai ji ana faɗa. Daga nan sai magana ta ɓalle, uku, huɗu, har ana katse juna, matar tana cewa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga bakwai. Waɗanda suka yi sati biyu suna ganin ƙudaje yanzu kowa ya tuna zafin da ya fito daga ƙofa. Na yi murna, amma na lura da saurin da suka juyo, irin saurin da suka tafi ne.

Mabel ba ta cikinsu. Tana tsaye wajen obin ɗin gasa kek, hannunta a naɗe.

Laraba, 8 ga Mayu, 2:00 na rana

An rufe kicin sati biyu. An liƙa takarda a ƙofa, duk mai wucewa sai ya tsaya ya karanta.

Juma'a, 10 ga Mayu, 6:15 na yamma

Madam ta dawo. Oga Thaddeus ya kwashe kayansa jiya. An janye maganar Perpetual a wurin 'yan sanda. Ni kuma an ba ni takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata, kuma sai na yi kwas na kwana biyar kan tsaftar abinci kafin in sake taɓa ludayi. Madam ta ce ta rasa ko ta kore ni ko ta gode mini. Na ce duk wanda ta zaɓa na cancanta. Ta ce bukukuwa biyu da aka riga aka ba mu an fasa, kuma ba ta san ko za ta iya riƙe kowa ba. Wannan ma ni na jawo, ko rabinsa.

Na kira Mabel sau biyu. Ba ta ɗauka ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, 5:00 na yamma

An gama kwas. Mu ashirin da shida, yawancinsu sa'annin 'yata. Malamin da ke koya mana yadda ake gane nama ya lalace ban jin ya taɓa gyara kaza goma a rayuwarsa. Na zauna a layin gaba, na rubuta duk abin da ya faɗa. Ni na zo ta ɗaya.

Lahadi, 19 ga Mayu, 4:40 na yamma

Madam ta aike ni in ce wa Perpetual ta dawo, har da ƙarin matsayi. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta gode, amma ta sami aiki a wani gidan abinci a Lugbe, kusa da gida. Ta ce ba fushi take ba, kawai ba za ta iya tsayawa tana wanke tukunya ta ba mutanen nan baya ba. Ban roƙe ta ba. A matsayinta ni ma abin da zan yi ke nan, kuma na ji daɗi da ta faɗa kanta a ɗage.

Laraba, 22 ga Mayu, 6:25 na yamma

Mun buɗe. Mu tara ne yanzu. Mabel ta zo, ta gaishe ni da "ina kwana" kamar baƙuwa, ta wuce wajen fulawarta. Zan jira ta. Na iya jira.

Wajen ƙarfe goma aka kawo kwandon tumatir daga kasuwa. Na duba na ce a markaɗa. Iyatu, wadda shekara shida ba ta taɓa ce mini a'a ba, ta ɗauki ɗaya ta matsa, ta ce, "Mama, ni ban yarda da tumatirin nan ba."

Wuƙaƙe suka tsaya. Ban waiwaya ba amma na san inda kowane ido yake. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, har na ji amsar ta hau kan harshena, irin amsar da ke sa mutum bai ƙara ba. Na haɗiye ta. Na ce a juye kwandon a kan tebur, kowa ya zo ya duba da hannunsa, kuma kowa ya faɗi abin da ya gani kafin in faɗi nawa. Muka tsaya mu tara muna juya tumatir ɗaya bayan ɗaya, aiki yana jira. Biyu suka ce a zubar da na ƙasa, uku suka ce lafiya lau, Manniru ya ce shi bai sani ba, kuma ya faɗa da ƙarfi. Har Mabel ta matso ta ware guda huɗu gefe. Muka zubar da kusan kwata, muka markaɗa sauran. Abinci ya makara da minti ashirin, na kira mai taron da kaina na ba shi haƙuri.

Da za a tashi na ce wa Iyatu gobe ita za ta karɓi nama daga mahauta. Ta tsaya tana kallona ko gatse nake yi. Na ce da gaske nake.

Har yanzu ina ganin tumatirin nan lafiyarsa ƙalau.